Hannun Da Ya Zana Tsakar Gidanmu

Shafi na 7

Masu turo mini saƙo tun shekaranjiya kuna tambayar inda Nafisa ta kwana, ku yi haƙuri, ga ta nan. A karanta a nutse.

Sau biyu mai Keke yana wuce layin kafin Nafisa ta hango allon. Ɗan katako ne da bai fi faɗin faranti ba, an rubuta masa da jan fenti: Gidan Zane na Baba Ebenezer. Dama da shi mai gyaran janareta ne, hagu kuma wata mata ce ke suyar doya.

Ta sauka ta tsaya tana kallon ƙofar, ranta a jagule.

Magana ɗaya ce ta taso ta daga Unguwar Mu'azu har cikin Sabon Tasha. Saura mako uku ta miƙa aikinta na kammala karatu a sashen zane-zane, kuma sau uku ke nan malamar da ke duba aikin, Madam Rhoda, tana dawo mata da shi. Jiya ma ko minti ɗaya ba ta yi tana dubawa ba ta ture shi gefe.

"Hannunki ya iya, Nafisa. Idonki ne bai fara aiki ba. Abin da kika gani a waya kike zanawa."

Sai ta yagi takarda ta rubuta mata kwatance.

"Ki je nan ki buɗe ido. Gobe Laraba, bayan azahar. Kada ki ce sai Alhamis."

To, ga ta ta zo.

Ta yi sallama ta shiga. Ɗaki ne dogo mai ɗan duhu, fanka ɗaya tana juyawa a kasalance, warin fenti da kananzir ya cika ko'ina. Wani dattijo mai furfura yana zaune a kan benci yana wanke buroshi a cikin gwangwani.

"Sannu Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau, 'yata. Kallo ko saye?"

"Kallo ne, Baba. 'Yar makaranta ce."

"Ai ku ne manyan baƙina. Ba kwa saye, amma kuna tambaya. Zagaya son ranki. Doka ɗaya ce a nan, ido ya taɓa, hannu ya haƙura."

Ta yi murmushi ta ciro littafinta da fensir.

Zanen farko gadar kogi ce da safe, motoci sun cushe, wani mai babur ya ɗaga ƙafa ɗaya yana neman hanya. Na biyu matan zumunta ne a coci, duk da anko iri ɗaya, bakunansu a buɗe suna waƙa. A gaban na uku ta daɗe, har dattijon ya taso ya tsaya a bayanta.

"Me kika gani?"

"Mata uku ɗauke da buhunan citta."

"Wannan ko makaho aka gaya wa ya gani. Wacce ce ta fi gajiya?"

Nafisa ta matsa kusa. Fuskokin duk iri ɗaya suke, babu mai yamutsa fuska. Ta bi wuyansu da kallo, ta gangara ƙasa.

"Ta tsakiya."

"Don me?"

"Yatsun ƙafarta sun damƙe silifas ɗin. Sauran biyun nasu a sake suke."

Baba Ebenezer ya gyaɗa kai.

"Kin fara. Ci gaba."

Wani daɗi ya ratsa ta. Ta rubuta a littafinta: gajiya a ƙafa take, ba a fuska ba. Ta ci gaba da bin bango tana tsayawa tana tambaya, shi kuma yana ba ta amsa da wata tambayar.

Sai ta iso bangon ƙarshe.

Zane biyar ne a jere, ƙanana, kuma da gani ba hannun da ya yi sauran ba ne. Babu kasuwa, babu titi. Tsakar gida ce kawai, tsakar gida ɗaya, an zana ta sau biyar a lokuta daban-daban.

Rijiya mai murfin ƙarfe, gefe ɗaya ya lanƙwashe. Bishiyar gwaiba da ta karkata ta jingina da katanga. Igiyar shanya. Koriyar buta wadda mariƙinta ya karye aka ɗaure da waya.

Fensirin ya tsaya a hannunta.

A ƙofar wani ɗaki akwai takalman namiji, an ɗora ɗaya a kan ɗaya. Mutum ɗaya ta sani a duniya da ke ajiye takalmi haka, mahaifinta.

"Baba."

"Na'am."

"Wannan gidanmu ne."

Dattijon ya yi 'yar dariya.

"Gidajen garin nan ai duk uwarsu ɗaya. Rijiya, gwaiba, buta."

"Ka ga tsagar nan a jikin dakali? Ni na yi ta. Ina shekara tara na saki turmi a wurin, har yau ba a gyara ba."

Dattijon ya koma kan bencinsa ya ci gaba da wanke buroshi.

"Wa ya zana?"

"Mai shi bai ce a faɗa ba."

Ta duba ƙasan zanen inda ake sa suna. Babu suna, sai wata 'yar allura da zare da aka zana, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar shinkafa.

Ta ja da baya tana lissafi. Tsohon zane ne? A'a, butar nan bara da babbar Sallah aka saye ta. Yayanta Anas ne ya ɗauki hoto ya tura wa wani? To don me?

"Daga hoto aka kwafa ko, Baba?"

"Ke fa 'yar makaranta ce. Duba ki gaya mini."

Ta sake dubawa. Hoto ba ya yin haka. An ƙara wa gwaibar girma, an rage katangar, an bar wa takalman nan haske fiye da komai a wurin. Wanda ya yi wannan ya san gidan da zuciyarsa.

Ta ɗan durƙusa ta kalli zanen daga ƙasa.

"A zaune yake," ta faɗa a hankali. "Mai zanen a zaune yake, ƙasa-ƙasa. Kuma rijiya tana hagunsa, ke nan daga ƙofar ɗakin ɗinki yake kallo."

Ta miƙe tsaye.

Mutum ɗaya ke zama a ƙofar ɗakin ɗinki, Ummanta, Dije mai ɗinki. Nafisa ta girgiza kai ta kori tunanin. Umma da ta yaga mata littafin zane tana aji biyu a sakandare? Umma da ta yi wata guda ba ta sakar mata fuska ba lokacin da ta zaɓi wannan karatun? Ko zanen fure a jikin riga ba ta yarda ta yi, sai dai ta aika wa mai surfani.

"'Yata, yaya sunanki?"

"Nafisa. Nafisa Yahaya."

Buroshin da ke hannunsa ya subuce ya faɗa gwangwani.

"Wa ya turo ki nan?"

"Malamarmu. Madam Rhoda."

"Rhoda." Ya cire tabarau ya shafa fuska. "'Yata ce ta fari. Tun tana ƙarama magana ba ta kwana a cikinta. Ita ta ce miki yau?"

"Ta ce Laraba, bayan azahar."

Ya ɗaga kai ya kalli agogon bango, ya sake kallon ƙofa.

"Nafisa, ki je gida. Ki dawo gobe, zan zauna da ke wuni guda, in nuna miki abin da ba a koya muku a makaranta."

"Me zai faru yau, Baba?"

"Na ce ki je."

"Ka yi haƙuri, ban saba yi wa babba musu ba. Amma gidanmu ne a bangonka. Ƙafata ba za ta iya fita ba."

Iskar fankar ta ɗaga wani labule a ƙarshen ɗakin. A bayansa ta hango wani ɗan ɗaki, da kujera 'yar tsugunne, da zane a jingine wanda ba a gama ba. Kafin ya yi magana ta isa wurin ta ɗaga labulen.

Budurwa ce ta yi barci a kan tabarma, kanta a kan littafi, fensir a tsakanin yatsunta. Rabin fuskar an gama, rabin kuma farin ƙyalle ne. A girar da aka gama akwai ɗan tabo.

Nafisa ta kai hannu ta taɓa tata girar, inda irin tabon yake.

"Salamu alaikum."

Muryar ta fito ne daga ƙofar waje. Nafisa ta gane ta nan take. Ta saki labulen ta manne da bango.

Umma ce, cikin hijabinta mai ruwan ƙasa, da baƙar leda a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa na ɗan lokaci tana ƙifta ido, sannan ta ɗora yatsu a jikin bango ta fara tahowa a hankali, tana bin bangon.

"Malam, ina wuni? Yau na makara, hanya ta cushe."

"Lafiya lau, Dije," in ji dattijon.

Ta zo ta gifta Nafisa, har gefen hijabinta ya shafi hannunta. Sai ta ji motsi ta juyo da kanta gaba ɗaya. Ta kalle ta ido cikin ido.

"Au, baƙuwa ka yi? Sannu 'yammata. An zo kallo?"

Nafisa ta zuba mata ido. Tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Gyalen da ke kanta ma Umma ce ta yi masa bakin ɗinki.

"Umma."

Ledar ta faɗi. Robobin fenti suka gangara, tare da wata 'yar kwalbar maganin ido da ta mirgina ta tsaya a ƙafar Nafisa.



"Me ya kawo ki nan?" Umma ta tambaya.

"Umma, ba ki gane ni ba."

"Daga rana na shigo, ɗakin da duhu."

"Kin kalle ni, Umma. Kin ce mini 'yammata."

Nafisa ta sunkuya ta ɗauki kwalbar, ta juya ta tana karanta rubutun jiki. 

"Wannan na mene ne?"

"Ba ni nan."

Umma ta miƙa hannu, hannun ya wuce ta gefen kwalbar ya kama iska. Ta sake miƙawa, Nafisa ta sa mata a tafin hannu.

Baba Ebenezer ya jawo benci.

"Zauna, Dije. Abin da ya fito ya riga ya fito. Gara ta ji daga bakinki."

Umma ta zauna. Ta daɗe tana murza kwalbar.

"Hawan jinin ido ne," ta ce. "Na hagu ya tafi tun bara. Na dama kuma kamar mai leƙe ta cikin bututu nake gani. Abin da ke gabana kusa-kusa ina ganinsa in da haske. Na gefe babu."

"Tun bara?"

"Tun bara."

"A gida fa? Kina girki, kina ɗinki, kina..."

"Shekara ashirin da shida ina gidan nan, Nafisa. Ƙafata ta san inda komai yake. Ku kuma da takunku nake gane ku. Ke kina jan ƙafar hagu, Anas kamar doki yake shigowa." Ta ɗan yi murmushi. "Ɗinki kuwa, yaushe rabon da ki ga na zura zare da kaina?"

Nafisa ta tuna sau nawa ake kiran ta daga ɗaki, zo ki zura mini zare hannuna da maiƙo. Sau nawa ta yi tsaki a ranta kafin ta tashi. Ta zame ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafun uwarta.

"Likita me ya ce?"

"Ya ce magani zai rage masa gudu. Abin da ya tafi ba ya dawowa."

"Zanen fa? Ke kika yi su?"

Baba Ebenezer ne ya amsa.

"Na koyar da zane shekara talatin a makarantar 'yammata. Yara sun wuce ta hannuna ba adadi. Ban taɓa samun kamar uwarki ba. Ajinsu ɗaya da Rhoda, kuma Rhoda ba ta kama ƙafarta ba, ita ma ta sani."

"Malam, ka bari."

"Ba zan bari ba. An ba ta gurbin karatun zane a Zariya. Saura mako biyu ta tafi mahaifinta ya rasu. Ƙanne shida, ita ce babba. Ta zo ta ajiye mini buroshinta a kan tebur ta hau keken ɗinki. Ban sake ganin ta ba sai wata takwas da suka wuce, ta shigo nan tana lalube."

Umma ta goge ido da gefen hijabi.

"Ranar da likita ya gaya mini, da na fito ban iya hawa motar gida ba. Na ce kafin a kashe fitilar, bari in ajiye gidana a inda wani zai gani. Rijiyar, da gwaibar, da ku."

"To me ya sa kika yaga mini littafi?"

Tambayar ta fito ne ba tare da Nafisa ta shirya ba. Shekara tara tana ɗauke da ita.

"Kin ce zane aikin banza ne. Kin ce ba ya kai mutum ko'ina. Na kwana ina kuka, kina ji."

"Ina ji."

"To don me?"

Umma ta juyo da fuskarta sosai har sai da ta daidaita ta da ta Nafisa.

"Kina so in ce tsoro na ji kada ki sha wahala? Haka na riƙa gaya wa kaina. Ba gaskiya ba ne. Na buɗe littafin nan na ga hannuna a ciki. Yadda kike zana kunne, haka nake yi, kuma ba wanda ya koya miki. Na binne abu shekara da shekaru, sai ga shi ya tsiro a tsakar gidana yana kallona. Ban iya jurewa ba."

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba.

"Shafukan suna ƙasan akwatina. Na liƙe su a ranar, bayan kin yi barci. Kunya ta hana ni dawo miki da su."

Nafisa ta kifa kanta a gwiwar uwarta. Umma ta lalubo girarta, ta tsaya a kan tabon tana shafawa da babban yatsa.

"Wancan rabin fuskar ne ya gagare ni," ta ce. "Mako uku ina fama. Ba ki zama wuri ɗaya in kalle ki."

"Zan zauna, Umma. Ko wuni nawa ne."

Sai Nafisa ta ɗago da sauri, kamar wadda aka tsikara.

"Babanmu ya sani?"

Umma ta girgiza kai.

"Ko ɗaya. Ba idon ba, ba zanen ba. Duk Laraba ce masa nake na je gidan Goggonki Maimuna."

"Wata takwas, Umma?"

"Kin san babanki. Ranar da ya ji, ranar zai hana ni taka ƙofar gida ni kaɗai, don tausayi. Zai zaunar da ni a ɗaki a riƙa kawo mini ruwa. Ni kuma saura zane uku nake so in gama. In na gama, da bakina zan gaya masa, in roƙe shi gafarar ƙaryar da na yi masa."

Baba Ebenezer ya yi gyaran murya. Tun ɗazu yake murza hannuwa.

"Dije, akwai maganar da ban gaya miki ba."

"Wace magana, Malam?"

"Baje kolin da za mu yi ranar Asabar. Kin ce a rataye naki ba suna, na yarda. To Rhoda na ba aikin buga katin gayyata. Da safen nan aka kawo."

Ya jawo aljihun tebur ya ciro kati ya miƙa wa Nafisa.

"Karanta mata."

A gaban katin hoton rijiyar ne da gwaibar. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe. Nafisa ta karanta.

"Tsakar Gida. Zane-zanen Hadiza Zakariyya'u."

Umma ta miƙe tsaye, bencin ya yi baya.

"Sunana da na mahaifina? Malam, amana fa na ba ku."

"Na yi mata faɗa. Ta ce shekara ashirin da tara ana kiranta malamar zane alhali ta san wadda ta fi ta tana zaune a kan keken ɗinki. Ta ce ba za ta bari ki shiga duhu ba a san sunanki ba."

"Guda nawa aka buga? A tattara a ƙona."

"Ta riga ta raba wasu."

"Wa da wa?"

Kafin ya ba da amsa waya ta fara ruri a jakar Nafisa. Ta ciro ta duba, ta kalli uwarta.

"Waye?"

"Baba ne."

"Kada ki ɗauka."

Wayar ta katse. Ta sake ɗaukar ruri. Nafisa ba ta taɓa ƙin ɗaukar kiran mahaifinta sau biyu ba. Ta danna, hannunta ya taɓa lasifika ba da niyya ba, muryar Alhaji Yahaya ta cika ɗakin, a kwance, babu faɗa a cikinta.

"Nafisa, kina makaranta?"

"A'a Baba, na... na fita wani aiki."

"To. Ɗazu wata mata ta zo shagona a Gonin Gora ta ba ni wani kati. Na ga rijiyar gidana a jiki, na ga sunan uwarki. Na kira Maimuna in ce ta ba ta waya, ta ce rabonta da ita tun watan azumi."

Umma ta lalubo kafaɗar Nafisa ta riƙe gam.

"Shi ne na ce bari in bi kwatancen da ke bayan katin in gani da idona."

"Baba, yanzu kana ina?"

Bai amsa a wayar ba. Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya ragu, inuwar mutum ta kwanta a kan simintin ɗakin.

"Salamu alaikum," in ji Alhaji Yahaya. "Masu gida suna ciki?"